Shekarar da Hafizu Ya Kyautar da Motarsa

Rakiya ce ta fara murna da canjin da Hafizu ya yi, kuma wannan murnar ita ce ta daɗe tana ci mata rai daga baya.

Hafizu ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba shi shekara goma sha ɗaya. Yana da shekara uku mahaifinsu ya rasu a Zariya, bai gama firamare ba mahaifiyarsu ta bi shi, saboda haka a hannun Rakiya ya tashi, a gidan mijinta Alhaji Yelwa. Da kasuwa ta kawo Alhaji Abuja ya kama shagon kayan gyaran mota kusa da tashar Jabi, ita ma ta buɗe nata na labule da zannuwan gado a bayan tashar. Hafizu kuwa ya yi karatun safiyo, ya samu aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya auri Nabila, malamar makaranta 'yar Katsina, suka kama ɗaki biyu da falo a Jikwoyi.

Mutum ne mai sanyi. In ka ji muryarsa a cikin taro, to gaisuwa yake amsawa. Wannan sanyin shi ne Rakiya ba ta so, domin a shekarun nan Abuja tafasa take yi. Mulkin farar hula ya zauna, wayar hannu ta shigo, gidaje suna tsirowa ta ko'ina kamar ciyawar farkon damina, kuma kowane gida yana buƙatar labule. Ta sha ganin wanda ya sauka a tashar Jabi da jaka ɗaya a kafaɗa, bayan shekara biyu ya dawo shagonta da direba. Abokan karatun Hafizu duk sun yi gaba, shi yana nan kan teburinsa. Takan ce masa garin nan ba ya jiran mai nawa, shi kuma ya yi murmushi ya ce Allah ya sa mu dace, Yaya.

Bayan Babbar Sallah da mako biyu sai ga shi a shagon da tsakar rana, ranar aiki, cikin sabuwar shadda. Tun daga bakin ƙofa yake dariya. Ya ture bandir ɗin labule gefe, ya shimfiɗa wata doguwar takarda a kan tebur. Taswira ce ya zana da hannunsa, ta layin dogo daga Karshi ya ratsa Jikwoyi da Nyanya har cikin gari. Ya ce gosulon da ke cinye wa mutane awa uku kullum ya ƙare, shi ya gano maganinsa. Wajen awa biyu ya yi a tsaye yana bayani, daga Hausa ya koma Turanci, ya juya ya yi buroka da maƙwabcinta mai sayar da katifa har mutumin ya riƙe ciki don dariya. Magana ɗaya ba ta ƙarewa wata ta hau kanta. Rakiya ba ta fahimci rabin abin da ya faɗa ba, amma ta ga idonsa yana walƙiya, ta ga mutane sun taru suna saurarensa. Ran nan ta ce wa Alhaji yaron nan ya farka, Allah ya amsa addu'arta.

Kwana goma bayan nan Nabila ta zo, ta zauna a kan kujerar roba tana murza gefen hijabinta. Ta ce Hafizu ba ya barci. In ya yi da yawa awa biyu, kuma da safe ya tashi garau kamar wanda ya kwana ya wuni yana hutawa. Ya manna takardu a bangon falo har saman ƙofa. Ya bi lambar duk wanda suka yi makaranta tare yana kira. In ta ce ya zauna ya ci abinci sai ya fusata, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Ta ce, "Anti, wallahi ba shi ba ne. Fuskarsa ce, amma ba shi ba ne."

Rakiya ta ba ta amsar da har yau in ta tuna takan runtse ido. Ta ce mata matan yanzu sun fi son miji ya zauna a gindinsu, in namiji ya tashi neman na kansa sai a ce ya canza. Ta haɗa mata zanin gado sabo ta ce ta je ta yi haƙuri. Nabila ta karɓa ta yi godiya, ta tafi.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Wata safiya a Nyanya ya ga wani magidanci da sandar guragu yana jiran bas, sai ya tsaya, ya fito, ya danƙa masa makullin motarsa da takardunta, ya ce ya nemi mai tuƙa shi. Mutumin ya ƙi, Hafizu ya rantse, ya hau acaɓa ya bar shi nan tsaye. Da Alhaji Yelwa ya tambaye shi dalili, sai ya ce mota ɗaya ba abin magana ba ce ga wanda zai mallaki goma kafin azumi. Ba a yi mako ba kuma ya kutsa ɗakin taron babban sakataren ma'aikatarsu ana tsakiyar zama da baƙi, ya baje taswirarsa a kan tebur, ya ce musu shekara da shekaru suna barci. Masu gadi ne suka fitar da shi yana ta magana. Aka ba shi takardar tuhuma, bai amsa ba, aka dakatar da shi.

Ogansa, wani mataimakin darakta mai suna Mista Edward, shi ya kira Rakiya, don lambarta ce a fayil ɗin Hafizu. Ya yi mata magana da ladabi. Ya ce shekara shida suna aiki tare, bai taɓa samun yaro mai natsuwarsa ba. Sannan ya sassauta murya ya tambaye ta ko Hafizu ya fara shan wani abu ne. Rakiya ta ce masa a gidansu ko taba ba a sha, ta kashe wayar.

Ana cikin haka wutar ta mutu. Ba a rana ɗaya ba, amma kafin ruwan farko ya sauka Hafizu ya daina fita. Ya cire takardun bango da kansa ya tura su ƙarƙashin gado. Maganar da ta ƙi tsayawa ta ɗauke ƙaf. Ya kwanta ya fuskanci bango, barcin da ya guje shi ya dawo ya danne shi, sai ya wuni a kwance kuma ya tashi a gajiye. Wanka sai Nabila ta yi da gaske. Abinci loma biyu. Ƙwallon da yake so, ko an kunna masa ba ya ɗaga kai. Sallah ma a zaune yake yin ta, wani lokaci ya yi shiru a tsakiya kamar ya manta inda yake. Da Rakiya ta zo ta zauna a bakin gadon tana yi masa faɗa, tana cewa aiki ba shi ne ƙarshen duniya ba, namiji ba ya kwanciya don an dakatar da shi, abin da ya ce kawai shi ne ya kunyata ta, ya kunyata kowa, kuma bai cancanci wahalar da ake yi a kansa ba.

Kawu Sale, ƙanin mahaifinsu, shi ne babba a dangi yanzu. Daga Zariya ya yanke hukunci ta waya: sammu ne. Yaro ya fito da basira, 'yan ofis sun ga zai wuce su, suka jefe shi. Maganar ta kwanta wa Rakiya, don ta fi ta Mista Edward daɗin ji, kuma ta ba ta wanda za ta ji haushi. Aka samo wani malami daga Karu, dattijo marar hayaniya. Kwana bakwai yana zuwa bayan la'asar yana karatu a kan Hafizu, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka shafa man habbatussauda. Hafizu bai yi gardama ba, bai kuma motsa ba. A rana ta bakwai malamin ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ce wa Rakiya shi dai ya karanta wa masu iska da yawa, ya san yadda suke yi in sun ji Alƙur'ani, wannan bai ga alama ba. Ya ce a ci gaba da addu'a, amma a gwada asibiti, wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Rakiya ta yi masa godiya, a ranta kuwa ta ce ƙarfinsa ne bai kai ba, za ta nemi wani.

Tana cikin neman wanin ne wata Talata da hantsi Rosemary ta shigo shago. Tsohuwar mai sayayyarta ce, nas a asibitin koyarwa na Gwagwalada, mutuniyar Kafanchan, doguwa mai yawan raha. Ta zo yankan labulen tagogi huɗu. Rakiya ta auna ta yanka na farko ya gaza, ta sake aunawa ta yanka na biyu ya fi na farko gazawa. Rosemary ta kama hannunta ta zare almakashin, ta ce shekara biyar tana sayayya a nan ba ta taɓa ganin Hajiya ta ɓata yadi ba, me ya faru?

Rakiya ba mai faɗin cikinta ba ce. Amma wata uku ke nan tana haɗiye abu, kuma wani lokaci bare ya fi dangi sauƙin gaya wa magana. Ta kwashe komai ta faɗa, tun daga taswira har malamin Karu. Rosemary ba ta katse ta ba. Da ta gama, sai ta shiga yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda ba wanda ya yi mata. Kwana nawa ya yi ba ya barci, kuma yana jin gajiya a lokacin ko ba ya ji? Kwanciyar nan ta wuce mako biyu? Ya rame? Akwai abin da yake ba shi daɗi yanzu ko ɗaya? Sannan ta ce a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa take aiki, kuma abin da Hajiya ta faɗa ba baƙo ba ne a wajensu.

Rakiya ta janye hannunta. Ta ce, "Sista, ƙanina ba mahaukaci ba ne. Bai yaga riga ba, bai bi bola ba."

Rosemary ta ce, da Hausarta da ba ta damu da mace ko namiji ba, "Hajiya, wanda kake gani a bola, ɗaya ne cikin ɗari. Sauran suna zuwa wajenmu da kwat da mota."

Ta ba ta labarin wata ma'aikaciyar banki da zuciyarta kan buga kamar za ta fito, gumi ya karyo mata, numfashi ya ƙi, ta tabbata mutuwa ce ta zo, an yi mata gwajin zuciya sau uku ba a ga komai ba, ashe ciwon fargaba ne. Da wata mai jego da ta kasa kallon jaririnta, tana kuka ba dalili, dangi suna cewa rashin godiyar Allah ne. Akwai ma wani bawan Allah da kan yi alwala sau talatin har lokacin sallah ya fita, fatar hannunsa ta tsattsage, ya san ba daidai ba ne amma ya kasa bari. Ta ce mafi yawa kuma ciwon damuwa ne, mutum ya yi makonni duniya ta fice masa daga rai, ba ci ba barcin kirki, yana ta ganin laifin kansa. Na Hafizu ya yi kama da wannan, sai dai shi ya fara ta sama, ya hau can ƙololuwa kafin ya faɗo. Ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta sa masa suna ba, amma hawan da saukar wataƙila ciwo ɗaya ne.

Sai ta yi tambayoyi biyu na ƙarshe. Ko yana maganar mutuwa? Rakiya ta ce a'a. Ko a danginsu akwai wanda ya taɓa yin irin haka? Rakiya ta ce babu, da sauri, tana naɗe yadin da ta ɓata. Rosemary ta dube ta ɗan lokaci, ta rubuta lambarta a bayan rasit. Ta ce in ta ga wani abu da bai kwanta mata ba, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, da kalmomin nan, kada ta kewaya. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, buɗe masa ƙofa take yi.

Bayan tafiyarta Rakiya ta kasa zama. Ta rufe shago tun kafin azahar, ta hau tasi zuwa Jikwoyi. A gosulon Nyanya, motoci sun cushe, masu tallan ruwa suna ratsawa, a nan ne ƙaryar da ta yi ta dawo ta zauna mata a ƙirji.

Mahaifinsu, Malam Nazeer, tela ne a Tudun Wada. A gidan akwai abin da ake kira lokacin Malam. In ya zo, sai ya yi ta ɗinki ba dare ba rana, ya karɓi aikin da mutum biyar ba za su gama ba, ya tara yaran unguwa yana raba musu huluna, ya ce zai buɗe masaƙa da za ta fi ta Kaduna. Sannan ya shige ɗaki wata biyu ko uku, keken ya yi ƙura, mahaifiyarsu tana ce wa baƙi ba ya jin daɗi ne. Ba wanda ya taɓa kiran abin ciwo. Hali ne, haka Allah ya yi shi. A shekarar da Rakiya ta cika sha huɗu, bayan doguwar kwanciya, wata safiya ya tashi ya yi wanka, ya yi fes. Ya mayar wa masu ɗinki yadukansu gida gida, ya bi maƙwabta yana neman gafara, ya shafa kan Hafizu. Gidan ya cika da murna, Malam ya warke. Da yamma aka tsamo shi daga rafi. Dangi suka ce santsi ne ya kwashe shi. Rakiya ce aka aika nemansa, ita ta fara isa bakin rafin, ta ga rigarsa a ninke, hula a kai, takalma a jere a gefe. Kawu Sale ya kwashe kayan ya ce mata abin da ta gani ba ta gani ba. Shekara talatin ba ta gaya wa kowa ba, har Alhaji.

Ta isa Jikwoyi ta tarar da Nabila a tsakar gida tana shanya, fuskarta a sake, rabon da ta ga haka tun kafin Sallah. Nabila ta tare ta da albishir. Ta ce yau da kansa ya tashi ya yi wanka, ya aske gemu, ya sha koko. Ya haɗa takardun makarantarsa da na aiki a jaka ɗaya ya ba ta ajiya, har da katin banki ya gaya mata lambar. Ɗazu ma ya shiga wajen mai gidan da suke haya da maƙwabta ya gaishe su, ya ce su yafe masa abin da ya yi musu kwanakin baya. Yanzu yana shirin fita, wai zai ɗan taka ya sha iska.

Rakiya ta nufi ɗakin da yake. Ta dafa bango, ta cire takalmi, ta shiga.

Yana zaune a bakin gado cikin farar riga, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya gaishe ta da murmushi mai natsuwa, ya ce ya ji daɗi da ta zo, dama yana son ya gan ta. Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta zauna a ƙasa a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Kalmomin da Rosemary ta ba ta sun yi mata nauyi kamar saɓo, ta yi ta juya su tana neman masu laushi, ba ta samu ba.

Ta ce, "Hafizu, dube ni. Kana tunanin kashe kanka?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, sannan ya zame a hankali. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "Yaya, na gaji ne. Kuma ku ma za ku huta."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi masa wa'azin wuta ba, ko da yake duk sun zo mata baki. Ta kama ƙafarsa ta riƙe. Ta ce masa akwai abin da ya kamata ya sani game da Baba, ta faɗa masa duka, da keken ɗinkin, da hulunan, da rigar da ta gani a ninke. Ta ce shekara talatin ke nan ba ta huta ba, mahaifiyarsu ma ba ta huta ba har ta koma ga Allah, saboda haka kada ya ƙara cewa za su huta. Ta ce abin da ke damunsa ba lalaci ba ne, ba sammu ba ne, ciwo ne, ta gan shi da idonta tun yana goye, ita ce ta ƙi ganewa.

Hafizu ya tambaye ta, da murya kamar ta yaro, ko Baba ma yakan ji kamar shi ne zai gyara duniya. Ta ce ƙwarai. Sai ya kife kansa a gwiwa ya fashe da kuka, irin wanda ba ta ji daga gare shi ba tun ranar jana'izar mahaifiyarsu. Nabila tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu, ta ji komai.

Alhaji Yelwa ya zo da mota da kansa. Da Rakiya ta kira Rosemary, sai ta ce su taho yanzu, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Suka ratsa gari suka kama hanyar Gwagwalada, Hafizu a baya tsakanin matarsa da yayarsa. Ana kiran la'asar suka isa.

Likitan da ya duba shi, Dokta Enoch, ya daɗe da shi a ciki, sannan ya kira matan biyu. Nabila ya fi yi wa tambayoyi, kuma duk abin da ta faɗa yana rubutawa, abubuwan nan dai da ta kawo wa Rakiya shago aka sallame ta da zanin gado. Ya ce a Turance bipolar ake kiran ciwon, mai fuska biyu ne, kuma mutane sukan kawo marar lafiya ne in ya faɗo, don lokacin da yake sama kowa yaba shi yake yi. Ya ce yakan bi jini, amma ba dole ne ya kama kowa ba. Ba a warkewa a yar da magani kamar zazzaɓi, ana zama da shi ne kamar hawan jini, kuma da yawa suna aikinsu suna riƙe gidajensu. Alamar da za su fi sa wa ido ita ce barci. In ya fara raguwa kuma mutum bai gaji ba, to su taho, kada su jira.

Mako uku ya yi a kwance. Ya fito da sauƙi, amma ba yadda Rakiya ta zata ba. Maganin ya sa masa ƙiba da nauyin jiki, hannunsa yana ɗan rawa, shi da aikinsa jan layi ne. Mista Edward ya tsaya masa da takardar likita har aka mayar da shi aiki, sai dai an ɗauke shi daga fita fili an kai shi ɗakin ajiyar fayil, kuma in ya shigo wuri hira takan canza. Motar ba a sake ganin ta ba. Kawu Sale da ya ji Rakiya ta buɗe maganar rafi, har ta faɗa wa likita, ya kira ta ya ce ta tona asirin mamaci, ta ɓata wa 'yan matan dangi aure. Bai sake ɗaukar wayarta ba. Iyayen Nabila ma suka aiko a zo da ita Katsina, don a lokacin tana da ciki, suna tsoron abin da za ta haifa. Ta je ta yi wata guda, ta dawo da ƙafarta.

Wata na takwas da fitowarsa daga asibiti Hafizu ya daina shan magani a ɓoye. Daga baya ya ce wa Rakiya ba za ta gane ba, duk abin kunyar da ya yi a wancan lokacin, bai taɓa jin yana raye kamar sa'an nan ba, maganin kuwa ya mayar da komai toka-toka. Kwana huɗu Nabila ta lura barcinsa ya ragu, ya fara neman takardun ƙarƙashin gado. Ta kira Rakiya tana in-ina, tana cewa wataƙila ita ce take zargi. Rakiya ta ce mata ta sa hijabi, ga ta nan zuwa. Aka koma Gwagwalada, likita ya canza masa magani zuwa wanda bai cika sa rawar hannu ba, wannan karon ba a kwantar da shi ba.

Nabila ta haihu namiji a farkon bazara. Ranar suna aka kafa rumfa a ƙofar gidan Jikwoyi, abokan aiki suka zo, Rosemary ta zo da atamfa, daga Zariya kuwa mata biyu kawai suka zo. Bayan an raɗa suna an shafa addu'a, Rakiya tana rabon waina a tsakar gida sai ta jiyo dariyar Hafizu daga rumfa, mai ƙarfi, har da tafa hannu. Ta tsaya da faranti a hannu tana saurare. Ta ji ya ja magana, ta yi tsawo, mutane suka sake fashewa. Ba ta san ta matso bakin ƙofa tana kallonsa ba sai da suka haɗa ido.

Ya taso ya zo, ya karɓi farantin daga hannunta. Ya ce a hankali, yadda ba mai ji, "Yaya, jiya awa bakwai na yi ina barci, kuma na sha maganina. Ɗa aka haifa mini. Wannan dariyar tawa ce."

Kunya ta kama ta. Ta ce ita ba ta ce komai ba, Allah ya raya, ya koma wajen baƙinsa. Ya koma, amma ta lura bai sake ɗaga murya ba har aka tashi.

Ta ci gaba da hidima, ta sallami na sallama, ta sa aka wanke tukwane. Da mata suka ragu ta shiga ɗakin mai jego, ta karɓi jaririn ta daɗe tana duban fuskarsa. Ta yi niyyar ta yi shiru, ta kasa. Ta tambayi Nabila, ba tare da ta ɗaga kai ba, ko da gaske awa bakwai ya yi.

Nabila ta ce shida da rabi ne, ita ma ta duba agogo.